Hunturu, Kara da Ƙofa Ɗaya: Lissafin Gobara a Ƙasar Ɗanbatta

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura a watan Disamba, ya ratsa Ɗanbatta ya doshi Kazaure, zai ga gonaki fetal kamar an yi musu aski. An girbe gero da dawa, an roro wake, an sare kara har ƙasa, ba abin da ya rage sai gawo da ya yi kore shar da kuka da ɗorawa jefi-jefi. Idan ya karkata ido ga ƙauyukan bakin hanya zai ga inda komai ya koma: dammunan kara jingine da katanga, harawa a kan soraye da cikin rassan itatuwa, rumbuna cike, danga sabuwa. A idon manomi wannan ita ce wadata. A idon mai nazarin gobara kuwa, makamashin gonaki ɗari ne aka kwaso aka jibge wuri guda, kusa da murhu, daidai lokacin da iska ta fi bushewa a shekara.

Duniya ta saba kallon gobarar iska a matsayin bala'in ƙasashe masu dazuzzuka. Ranar 7 ga Janairun 2025 wuta ta tashi a tsaunukan bayan birnin Los Anjalas na jihar Kalifoniya, busasshiyar iskar da suke kira Santa Ana ta kora ta cikin unguwannin Palisades da Altadena. Gine-gine sama da 16,000 suka ƙone, mutum aƙalla 30 suka rasu. Wuri ne da ba a rasa kayan aiki ba, amma a daren farko jiragen sama masu zuba ruwa sun kasa aiki saboda ƙarfin iska, famfunan kashe gobara na unguwannin kan tudu suka ƙafe, mutane suka bar motocinsu a tsakiyar titi har sai da aka kawo katafila ta ture su don a sami hanya. A yammacin Altadena umarnin ficewa ya makara da sa'o'i, kuma a can ne kusan duk waɗanda wutar yankin ta kashe suka mutu.

Iskar hunturu ba ta kai Santa Ana ƙarfi ba, kuma Ɗanbatta ba ta da tsaunuka. Sai dai halin wuta ɗaya ne ko'ina. Wutar da ba iska tsaye take ci, zafinta yana tashi sama. Da iska ta buso sai harshenta ya kwanta a kan abin da ke gabansa, ya gasa shi tun kafin ya taɓa shi, sannan ya riƙa cilla tartsatsi da guntayen kara masu ci zuwa nesa, su sauka a kan jinkar da ke bayan masu kashe wutar. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara, kuma da rana tsaka laimar iska a ƙasar Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Siririn abu irin ciyawa da ganyen kara da zana yakan daidaita da bushewar iska cikin kimanin sa'a guda. Shi ya sa jinkar da raɓa ta ɗan sanyaya da asuba take zama kamar an jiƙa ta da kananzir kafin azahar.

Masu binciken gobara a Ostireliya da Kanada sun fitar da wani ƙiyasi mai sauƙin riƙewa: a busasshiyar ciyawa mai haɗe da juna, goshin wuta kan yi gudun da ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na gudun iska. Iskar kilomita 30 a sa'a ke nan tana iya tafiyar da wuta kilomita 6 a sa'a, abin da ya fi saurin tsohuwa mai jan jika a hannu. Kalmar da ta fi muhimmanci a ƙiyasin ita ce "haɗe da juna", kuma a nan ne ƙasar Ɗanbatta ta sha bamban da wuraren da aka yi binciken.

Baturen nan masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara wallafa bincikensa a kan ƙasar noma mai cunkoson jama'a da ke kewaye da Kano a 1965. Abin da ya nuna shi ne ƙasa ce da ake nomawa kowace shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da ita, dabbobin gida ne ke ba da takin, su kuma dabbobin kara da harawa ne abincinsu har damina ta dawo. Ba a barin komai a gona domin komai yana da amfani: karan dawa ya zama danga da makamashin girki da gadon kwana, harawar wake da ta gyaɗa ta zama kuɗi, farashinta yana hawa gwargwadon nisan rani. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Ɗanbatta mutum sama da 200,000 a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita 730 da 'yan kai, wato kusan mutum 280 a kowace murabba'in kilomita tun wancan lokaci. A irin wannan ƙasa dajin da zai ɗauki wuta ya yi tafiyar yini da ita ya daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage na ciyawa mai haɗe da juna shi ne bakin fadamu, da gefen madatsar ruwa ta Tomas, da ragowar burtali da makiyaya, da maƙabartu da filayen makarantu da ba a nome ba. Can ne mafarautan gafiya da masu sharar wuri da ashana ke yin ɓarnarsu, kuma ya kamata a hana su. Amma gonar da aka girbe aka share, ita kanta katangar wuta ce, manomi ya gina ta ba tare da kowa ya biya shi ba.

Wannan ne ya sa dokar tarayya ta 2011 a kan ƙona daji, wadda hukumar NESREA ke da alhakin zartarwa, take da ɗan abin faɗi kaɗan a nan. Ta fi dacewa da wuri irin dajin Falgore a kudancin jihar. A Ajumawa ko Fagwalawa ko Saidawa, dajin yana cikin gari, an ɗaure shi dami-dami an jingine a bayan ɗaki.

Hujjar ba ta nesa ba ce. A farkon Fabrairun 2025 wuta ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara, almajirai 17 suka rasu, kuma bayanin farko na 'yan sanda ya danganta ta da tarin karan da aka ajiye a wurin. A Nuwamban 2021 yara aƙalla 25 suka ƙone a Maraɗi cikin azuzuwan zana, wata bakwai kacal bayan irin haka ta ci yara kusan 20 a Yamai. Bayan ta Maraɗi ne gwamnatin Nijar ta haramta azuzuwan zana ga ƙananan yara. A cikin jihar Kano ma, gobarar dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana a Nuwamban 2015 ta yi sanadin rasuwar ɗalibai bakwai, kuma turmutsitsin neman ƙofa yana cikin abin da aka ruwaito. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ta taso daga daji. Abubuwa biyu ne ke maimaituwa: abu mai saurin kamawa dab da inda mutane suke, da mafita da ba ta ishe su ba.

Duk da haka, da zarar an yi gobara, kukan da ake fara yi shi ne na motar kwana-kwana. Kuka ne mai hujja, kuma ma'aikatan Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano suna aikin da ba kowa zai iya ba, wani lokaci ma a tarbe su da jifa don sun makara. Amma a yi lissafi tsakani da Allah. Motar da ke ɗauke da lita 4,000, idan mesa ɗaya tana fitar da lita 400 a minti, cikin minti goma ta ƙare, sai neman inda za a sake cikawa, a watan da kududdufai suka fara ƙafewa. Kafin nan sai wani ya sami lambar da zai kira, a ɗaga, a tayar da mota, ta bi hanyar burji zuwa Goron Maje ko Sansan, ta iso bakin lungun da ko amalanke da ƙyar take shiga. Ɗakin jinka kuwa 'yan mintoci yake ɗauka ya zube. Ko da motar daga cikin garin Ɗanbatta ta taso, ba daga birni ba, mafi yawan abin da za ta tarar shi ne aikin kare gida na biyar ko na shida. Mota tana da wurinta: kasuwar Lahadi ta Ɗanbatta, gidajen mai, shagunan da ke jere a bakin titi, irin wuraren da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta nuna abin da wuta ke iya yi musu. Sai dai ɗan siyasa yana son mota ne saboda ana iya yi mata fenti, a rubuta suna a jikinta, a yanka kirtani a gaban kyamara. Ba a yanka kirtani a kan tazarar taku arba'in tsakanin tarin kara da ɗakin kwana, alhali ita ce ke hana a kai ga kiran motar.

Taku arba'in ɗin ba zancen baka ba ne. Jack Cohen, mai bincike a hukumar gandun daji ta Amurka, ya shafe shekaru yana bin gidajen da suka ƙone da waɗanda suka tsira a gobara ɗaya, ya gano cewa abin da ke cikin kimanin mita 30 na kewayen gida shi ne ya fi yanke hukunci, kuma tartsatsin da ya sauka a kan tarkace ya fi ƙona gidaje fiye da babban harshen wuta. A ƙauyen da gidaje ke manne da juna, ba magidancin da zai iya samar da wannan tazara shi kaɗai. Abin da unguwa za ta iya yi tare shi ne ta ware fili ɗaya na ajiyar kara da harawa a wajen gari, kowa da nasa gurbin, da tazara tsakanin tari da tari, a share kewayensa har ƙasa. Kuma ya kasance a kudu maso yamma, inda iskar hunturu za ta kora tartsatsinsa cikin gonaki maimakon kan rufin mutane. Wani zai ce ai iska tana juyawa idan bazara ta yi nisa. Haka ne, amma kafin lokacin dabbobi sun cinye mafi yawan abin da aka tara.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi kamar babu shi. Manomi bai kawo harawa cikin gida don jahilci ba. Ya kawo ta ne domin a waje ana sacewa, ko garken da ke wucewa ya cinye, kuma matar da ke kiwon tumakin turka ba za ta riƙa aike bayan gari sau uku a yini ba. Duk shawarar da ta yi biris da wannan za ta mutu a kan takarda. Amsarta ita ce gadi na karɓa-karɓa ko na haɗin kuɗi, kamar yadda unguwanni da dama suka riga suka saba yi wa 'yan sintiri, da kuma yarda a bar wa kowane gida abincin dabba na 'yan kwanaki a ciki, nesa da madafa. Tsada ce, amma tsadar da aka sani. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan cikin ƙasar Ɗanbatta, ɗalibanta na neman aikin bincike kowace shekara. Zana taswirar inda makamashi yake da inda iska ke bi a mazaɓu goma na ƙaramar hukumar aiki ne daidai ƙarfinsu. A Nijar, a yankunan makiyaya, kowace shekara bayan damina akan biya mutanen karkara su share dogayen layuka cikin ciyawa don tare wuta. Can ciyawar ce dukiya, don haka ita ake yanka wa iyaka. Nan dukiyar tana cikin gari, iyakar ma cikin gari ya kamata a yanka ta.

Sai batun sani kafin aukuwa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen hazo da ƙura a duk hunturu, amma da harshen matuƙa jirgi da direbobi take magana, wato nisan da ido zai iya gani. Bayanin da ke hannunta na ƙarfin iska da bushewarta shi ne dai abin da Amurkawa ke haɗawa su fitar da gargaɗin da suke kira jar tuta. Ba abin da zai hana Rediyon Kano da Freedom da sauran tashoshin da ake saurare a karkara su ce da safe, cikin Hausar da kowa ke ji: yau ranar iska ce, kada a ƙona shara, kada a zubar da toka sai an yayyafa mata ruwa, kada a kwana da kasko a ɗaki, masu sayar da fetur a jarka su nisanta shi da masu shayi da masu tsire. Ranakun ba su da yawa a shekara, kuma ƙarancinsu ne zai sa a ji gargaɗin. Wanda ake yi kullum ya zama kiɗan da kunne ya saba.

Wanda ya ce gobara ƙaddara ce bai yi ƙarya ba. Amma a ingantattun hadisai an ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, kuma abin da Manzon Allah (SAW) ya yi shi ne umartar mutane su riƙa kashe wuta idan za su kwanta. Limamin da ya ɗauki wannan ya yi huɗuba a kai a Juma'ar farko ta Nuwamba ya yi wa garinsa aikin da ya fi ta'aziyya.

Idan kuma duk da haka wuta ta kama, abin da aka fi sakaci da shi shi ne fitar da mutane. Al'adar da aka gada ita ce a yi kururuwa kowa ya rugo da bokiti, kuma wannan zumunci shi ne ya ceci garuruwa da yawa. Amma ba tsari a cikinsa. Jama'a kan taru a gaban wutar, inda hayaƙi da tartsatsi suke, su toshe lungun da na ciki za su fito ta nan. Masu kashe gobarar daji ba sa tarar goshin wuta idan iska na kora ta; daga bayanta da gefunanta suke matse ta, wasu kuma su wuce gaba su raba ta da abin da za ta ci. A ƙauye ma'anar wannan ita ce a kwantar da dangar da ke haɗa gida da gida, a ja dammunan kara daga hanyarta, a jiƙa jinkar da ke ƙasan iska, a sa mutane a kan soraye da ɗanyen ganye da ƙasa suna kashe abin da ya sauko. Yanke shawarar rushe dangar maƙwabci cikin minti ɗaya yana buƙatar wanda aka riga aka yarda da maganarsa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin da zai ɗauki wannan yana nan tun da: daga Sarkin Bai, hakimin Ɗanbatta, zuwa dagatai, zuwa masu unguwanni da suka san kowane gida da wanda ke kwance ba ya iya tashi a cikinsa.

Masu gudu kuma su san inda za su nufa. Wanda ya bi inda iska ke tafiya yana tsere ne da abin da ya fi shi sauri, cikin hayaƙi. Hanyar ita ce a ratsa iskar ta gefe, a fita zuwa gonar da aka share, a tsaya a wurin da aka sanar tun da farko, a ƙirga kai. Ƙirgar tana da muhimmanci domin da yawa daga waɗanda gobara ke kashewa sun fita ne suka koma, neman yaron da tuni maƙwabta suka ɗauke, ko akwatin kuɗi, ko ragon da ke ɗaure a turke. Malamin tsangaya da ke da jerin sunayen almajiransa a rubuce, da wuƙa a rataye kusa da turke don yanke igiya, ƙananan abubuwa ne da ba sa jiran kasafin kuɗi. A Lahaina ta jihar Hawai, a Agustan 2023, akwai jiniyoyin gargaɗi amma ba a kunna su ba, mutum kusan 100 suka mutu. Kowace unguwa a ƙasar Ɗanbatta tana da lasifikar masallaci. Abin da ya rage shi ne a amince da kalmomin da ladan zai faɗa, ya ambaci unguwar da ke ci da gefen da za a fita.

Akwai wani abu da tsarin ginin gidan Bahaushe ya ƙara wa matsalar. Katanga ce doguwa da mashiga ɗaya ta zaure, an yi ta don sutura da tsaro, kuma tana yin aikinta. Amma idan wuta ta kama ta wajen zauren, ko tarin karan da aka jingine a ƙofar gida ne ya kama, na ciki ba su da ta biyu. Sannan hunturu shi ne lokacin ci-rani. Majiya ƙarfi sun tafi Kano da Abuja da Legas da kudu, wasu suna lambu a bakin Tomas tun safe, ranar Lahadi kuma ragowar suna kasuwa. Waɗanda wutar azahar ke tararwa a gida su ne mata da ƙananan yara da tsofaffi. Duk horon da aka shirya wa samari kaɗai, an shirya shi ne ga waɗanda ba sa nan, don haka dole ya shiga cikin gida ta hannun malaman Islamiyya mata da ungozoma da ma'aikatan lafiya da ake bari su shiga.

Ƙofa ta biyu ba sai ta fuskanci titi ba, balle a ce ta buɗe gida ga ɓarawo ko idon baƙo. A gidajen dangi da yawa akwai 'yar ƙofar da ke haɗa tsakar gida da ta maƙwabta, wadda mata ke bi su yi aron wuta ko barka. Ita za a mayar ƙa'ida: kowane gida ya sami irinta, a gefen da ba na madafa ba, kada a jingine mata itace ko turmi. Idan za a sa mata kwaɗo, mabuɗin ya zauna a ƙusa a bayan ƙyaure, daidai inda hannun uwargida da na yaro ɗan shekara goma zai kai, tunda maigidan yana iya kasancewa a Fatakwal har sai an yi ruwan shuka.